Ranar da Na Makara da Ƙuri'u Goma Sha Huɗu

Maigidana ya shafe shekara huɗu a Kuala Lumpur yana rubutu a kan abu guda: kwana nawa ya kamata a ɗauka ana ƙirga ƙuri'a. Malamin shari'a ne a wata jami'a a gida, aka turo shi ƙaro ilimi, ni kuma na biyo shi da yara biyu da tandar waina. Kundin digirinsa a kan dokokin da majalisun jihohin Amurka suke yi ne game da wa'adin ƙirga ƙuri'u da sanar da sakamako. Ƙasa ɗaya, jihohi hamsin, kowace da nata tsarin. Wata jihar ta ce ƙuri'ar da aka aiko ta gidan waya, in ba ta iso ranar zaɓe ba, ta bi ruwa. Wata ta ce a'a, muddin hatimin gidan waya ya nuna an jefa ta a kan lokaci, to a jira ta. Duk wannan ba a littafi na karanta ba. A bakin tire na koya, ina zuba masa miya.

Bazazzagi ne zaune a Malesiya yana nazarin Amurka. Ranar da mahaifiyarsa ta tambaye ni a waya wai me yake karantawa ne da ya ƙi ƙarewa, na rasa yadda zan yi mata bayani, sai na ce ƙirge. Ta ce, "To Allah ya dafa masa. Dama tun yana ƙarami lissafi ke ba shi wuya."

Muna da ƙungiya ta 'yan Arewa mazauna birnin, Musulmi da Kirista, ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa da mu matan aure. Shugabanta wani dattijo ne Basakkwace da ke koyar da ilimin noma, kowa Farfesa yake ce masa. Shekara bakwai yana kan kujerar, kuma ba don yana so ba. A zaɓen da aka yi kafin wannan da zan ba da labari, mutumin da aka ɗora wa ƙirge ya ce ya gaji, gobe zai ƙirga. Ya jefa akwatin zaɓe a but ɗin motarsa, washegari ya wuce wani taro a Penang da akwatin a ciki. Sai bayan kwana goma sha ɗaya aka buɗe. Kafin nan wanda ya ci zaɓen ya kammala karatunsa, ya sayar da firjinsa, ya hau jirgi ya koma Bauchi. Aka ce to Farfesa ya ci gaba da riƙewa kafin a ga abin da hali zai yi. Hali bai yi komai ba har shekara biyu.

Saboda haka da zaɓe ya sake matsowa, Farfesa da kansa ya tako gidanmu a Bukit Jalil. Ya sha shayi, ya ce wa maigidana, "Malam, kai da kake gyara wa Amurka zaɓe, mu ma ka taimake mu. Ka rubuta mana doka mai wa'adi. A yi zaɓe, a ƙirga, a faɗa, in miƙa in huta."

Ban taɓa ganin fuskar maigidana ta yi irin hasken da ta yi ran nan ba. Sati biyu bai taɓa kundinsa ba. Ya fito da doka mai shafi goma sha tara. Farfesa ya auna nauyinta a tafin hannu, ya ce a mayar da ita shafi ɗaya. Maigidana ya dawo gida ya mayar da ita shafi ɗaya ba tare da ya cire abin kirki ba, rubutun kawai ya ƙanƙance har ya koma kamar jerin tururuwa. Aka karanta ta a taron wata, bayan an ci shinkafa, lokacin da rabin jama'a ke gyangyaɗi. Aka ce an amince.

Abin da na riƙe daga cikinta shi ne: za a rufe jefa ƙuri'a ƙarfe biyu na rana. Wanda uzuri ya hana shi zuwa zai iya aiko da tasa a rufe cikin ambulan, amma dole ta shiga hannun baturen zaɓe kafin ƙarfe uku. Sannan dole a gama ƙirge a sanar da sakamako kafin ƙarfe huɗu. Baturen zaɓe kuwa, ba sai na faɗa ba, shi ne wanda ya rubuta dokar.

'Yan takara biyu ne. Na farko wani Bakatsine ne da ke aiki a wani kamfanin kwamfuta, muna kiransa Injiniya. Shi ya tura wa kowa manufofinsa a waya, saƙo mai tsawon da sai ka huta sau biyu kafin ka kai ƙarshe. Na biyu Alhaji, Bakano mai shago a Chow Kit da ke tura hijabai da turare gida. Shi bai rubuta komai ba, kowane gida dai ya samu ƙullin yaji da kilishi. Maigidana ya ce wannan sayen ƙuri'a ne, ya hana a taɓa namu sai bayan zaɓe. Na ce to, na ɓoye shi a inda ni kaɗai na sani, na riƙa duba lafiyarsa kullum.

A benenmu da na kusa da mu akwai matan aure da yawa da fita ke yi musu wuya, mai jego, mai goyo, mai yara uku da ba mai riƙe mata. Mu goma sha huɗu ne har da ni. Aka ce ni zan bi ɗaki ɗaki in karɓi ambulan in kai. Wato ni ce gidan waya. Sannan ni ce kuma mai wainar taro, domin tun da aka gano ina da tanda ban sake zuwa wani taro hannu rabbana ba.

Ranar Asabar ce. An kama wani zaure a saman wani gidan abinci a Kampung Baru. Maigidana ya fita tun ƙarfe tara da babbar riga, da kwalin ruwan roba da ya liƙe da salatif ya huda masa baki, akwatin zaɓe ke nan. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Maman yara, ƙarfe uku fa."

Na ce, "Na ji, Malam."

"Ba uku da minti ɗaya ba."

"Malam, ƙullina zai yi tsami."

Na gama suya sha biyu da rabi. Na cika kula da waina, na zuba miyar taushe a wata, na cike takardar ƙuri'ata a tsaye a kicin, na kuma rubuta 'yan abubuwan da zan saya a kasuwar Chow Kit in an tashi. Na liƙe ambulan ɗina, na kai yara gidan maƙwabciya, na fara zagaye. A lissafina minti ashirin ya isa.

Na manta cewa ba a shiga ɗakin Bahaushiya a fito da gaisuwa ɗaya. Ta farko sai da na ga jariri, na ɗauke shi, na faɗi wanda ya yi kama da shi. Ta biyu ba ta san inda ta ajiye takardar ba, ashe 'yarta ta zana kyanwa a bayanta. Ta uku ta ce sai ta kira maigidanta ta ji wa zai ce, shi kuma wayarsa na kashe domin yana cikin zauren zaɓe, inda maigidana ya hana kunna waya. Ta huɗu, wata 'yar Gusau mai sanyin hali, ta zaunar da ni ta ce ita fa tana cikin damuwa. Matar Injiniya ce ta kwana da ita a asibiti ranar haihuwarta, matar Alhaji kuma ita ta yi mata gashin jego. Da wane ido za ta kalli wadda ta ƙi?

Na ce, "Ai ba mai sani. Asiri ne."

Ta ce, "Allah fa ya sani."

Na bar ta da Allah da biro na tsaya a bakin ƙofa. Da ta fito ta miƙo mini ambulan tana murmushi, ta ce ta samu mafita. Ban tambaya ba, agogo nake kallo.

Biyu saura kwata na sauko ƙasa da ambulan goma sha huɗu a jaka. A nan na tarar da Anti tana jirana. Anti ma'aikaciyar jinya ce 'yar Jos, ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar, ta fi kowa daɗewa a garin, kuma ta fi kowa rashin tsoron mai babbar riga. Daga aikin safe ta tashi, ta san ba za ta samu jefa ƙuri'a ba, ta ce za ta raka ni ne don waina kawai.

Muna tsaye ina neman mota a waya sai sama ta yi baƙi. Wanda bai zauna a garin nan ba ba zai gane ruwan bayan azahar ba. Ba ya yayyafi, ba ya sallama, kamar an kifar da randa ne. Direba na farko ya karɓa ya soke. Na biyu ya kira ya ce hanya ta cushe, "Tak boleh, madam," wato ba zai yiwu ba. Anti ta ce, "Ƙanwata, ɗauki kula ɗaya. Jirgi za mu hau."

Haka muka ratsa ruwan nan zuwa tashar jirgin cikin gari, lema ɗaya, kula biyu, jakar ƙuri'u a ƙarƙashin hijabina kamar jinjiri. A cikin jirgi ƙamshin miyar taushe ya cika tarago. Wata tsohuwa 'yar ƙasar da ke zaune kusa da mu ta yi ta kallon kular, har Anti ta buɗe ta ba ta waina biyu a takarda. Muka sauka a tsakiyar gari don canza jirgi, muka bi matakala sama da ƙasa, muna isa wanda za mu hau yana rufe ƙofa a kan idonmu. Da muka fito a Kampung Baru kuwa, lungun gidan abincin ya zama rafi. Na tuɓe takalmi na riƙe a hannu.

Muka hau bene muna haki. A ƙofar zaure maigidana yana tsaye, ya naɗe hannun riga, yana kallon agogon hannunsa. Bai kalli yadda na jiƙe ba.

Ya ce, "Uku da minti shida."

Na ce, "Sannu da aiki, Malam. Ga saƙo."

Ya mayar da hannayensa baya kamar na miƙo masa garwashi. "Wa'adi ya wuce. Sashe na huɗu."

"Malam, ni ce fa."

"Na gane ki. Doka ce ba ta gane ki ba."

A bayansa maza kowa ya miƙo wuya. Shekara goma sha ɗaya ina jiran mutumin nan. Na jira shi a asibiti, na jira shi a tasha, ranar ɗaurin aurenmu ma sai da liman ya aika a nemo shi. Amma ban faɗi ko ɗaya ba, domin a gaban mutane ne. Na ajiye kular waina a bakin ƙofa, na gyara zani, na zauna a kanta.

Wani daga ciki ya ce, "Hajiya, a shigo da abincin mana, tun safe muke nan."

Na ce, "Tare suka zo da ƙuri'un. In waɗancan sun makara, wannan ma ta makara."

Anti ta zauna a kan kular miya ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Maigidana ya yi kamar bai ji ba. Ya koma teburi ya yanke salatif, aka zazzage kwali, aka fara ƙirge da ƙarfi kamar yadda sashe na biyar ya tanada. Daga inda nake zaune ina ganin komai. Injiniya yana rubutawa a wayarsa, Alhaji yana jan carbi. Aka gama, aka sake, aka kuma sakewa. Talatin da ɗaya, talatin da ɗaya. Kunnen doki.

Farfesa yana zaune a gaba da hularsa a gwiwa, fuskarsa sake kamar ta mai shirin sauke kaya. Ya ce, "To Malam, me dokarka ta ce in an yi canjaras?"

Maigidana ya ɗauko takardar ya matso da ita kusa da ido. Ya bi ta daga sama har ƙasa, ya sake bi. Na san wannan shirun. Irinsa yake yi in na tambaye shi ina ya ajiye makullin gida.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan yana cikin shafi na goma sha biyu na asalin daftarin. Yana cikin 'yan abubuwan da suka fita da aka ce a taƙaita."

"To yanzu fa?"

"Yanzu babu wanda za a sanar. In kuma ƙarfe huɗu ta yi ba a sanar ba, sai sashe na bakwai."

"Me ke cikin sashe na bakwai?"

Maigidana ya yi gyaran murya ya karanta. Idan wa'adi ya cika ba a sanar da wanda ya yi nasara ba, shugaba mai ci zai ci gaba da riƙe muƙami har tsawon shekara guda, don kada a samu giɓi.

Farfesa ya ɗauki hularsa ya sa, ya cire, ya sake sawa. Ya ce, "Wa ya amince da wannan?"

"Kai ka fara ɗaga hannu, ranka ya daɗe."

Na ga dattijon nan ya miƙe da saurin da ban san yana da shi ba. Ya zo har ƙofa ya tsaya a gabana, ya ce, "'Yata, ƙuri'u nawa ne a jakar nan?" Na faɗa masa. Ya juya ya ce, "Malam, don girman Allah a buɗe su."

"Ranka ya daɗe, sun makara da minti shida."

"Ruwa aka yi."

"Dokar ba ta ware ruwa ba."

Daga nan zaure ya kaure. A gida mun saba ganin mai mulki yana neman dabarar zarcewa, jama'a na cewa ya sauka. Ran nan na ga mai mulki yana roƙon a ƙirga ƙuri'a a kayar da shi ko ta halin ƙaƙa, baturen zaɓe yana cewa sai ya zarce. Mutanen Injiniya suka ce a bi doka, domin suna zargin kilishi ya yi aiki a cikin mata. Da wani ya tuna musu matar Injiniya ce ke koya wa matan benenmu karatu ran Lahadi, sai suka koma cewa a buɗe, mutanen Alhaji kuma suka koma bin doka. Sau biyu ana musayar wuri.

Alhaji da kansa ya ɗaga carbi ya nemi izini. Ya ce, "Malam, ni ban yi boko mai zurfi ba. Amma takardar nan ta ce ƙarfe uku. Ukun ina? Mu 'yan Najeriya ne, ƙungiyar ta 'yan Najeriya ce. Yanzu haka a Kano ko tara na safe ba ta yi ba. Ina ganin Hajiya ma sammako ta yi."

Aka kwashe da dariya, amma maigidana bai yi ba. Na ga ya ciro biro ya rubuta wani abu a tafin hannunsa. Ya ce hujjar tana da ban sha'awa, amma in aka bi ta, to rufe zaɓen da aka yi ƙarfe biyu ma haramtacce ne, sai a zauna nan har dare, mai zaure kuma ya ce biyar zai kulle.

Duk wannan Anti tana zaune tana cin waina ɗaya da na zaro mata. Da ta gama ta goge hannu, ta ce, "Baban yara, agogon wa doka ta ce a duba?"

"Agogo dai, Anti."

"Na hannunka, ko na wurin zaɓe?"

Ta nuna bango da haɓa. Can sama da hoton wata kwalbar lemo akwai wani tsohon agogo na mai gidan abinci. Kowa ya ɗaga kai, sannan kowa ya duba wayarsa. Agogon bango yana baya da minti goma cif.

Anti ta ce, "A asibitinmu, in za a rubuta lokacin da aka haifi yaro, na bangon ɗaki ake dubawa, ba na hannun likita ba. Da muka shigo na duba wancan. Uku saura minti huɗu."

Maigidana ya daɗe yana kallon agogon nan. Ya kalli Farfesa, wanda ya haɗa hannu biyu a ƙirji. Ya kalli kular da nake zaune a kai, domin shi ma tun shayin safe bai sa komai a cikinsa ba. Sannan ya yanke hukunci a tsaye, da dogon bayani, cewa inda doka ta yi shiru, agogon da jama'a duka ke iya gani ya fi na mutum ɗaya ƙarfin hujja. Ya miƙo hannu. Na ba shi ambulan ɗin ɗaya bayan ɗaya, ina ƙirgawa da ƙarfi, ban yi sauri ba. Sannan na tashi daga kan kula.

Aka buɗe su baki cike da waina. Injiniya, Alhaji, Alhaji, Injiniya. Da aka kai goma sha biyu, shida da shida ne. Farfesa ya daina tauna. Ta goma sha uku maigidana ya ɗaga ta sama. An dangwala wa duka biyun, an kuma rubuta a ƙasa da kyakkyawan rubutu, Allah ya ba mai rabo sa'a. Na gane mafitar 'yar Gusau. Aka ce ta lalace.

Saura ɗaya. Ya yage bakin ambulan, ya warware takardar, ya buɗe baki zai karanta, sai ya tsaya. Ya san rubutun. Ni ma daga nesa na gane takardar.

Farfesa ya ce, "Karanta mana, Malam."

Sashe na biyar ya ce kowace takarda a karanta ta da ƙarfi. Maigidana mutum ne mai bin doka. Ya karanta: "Attaruhu. Citta. Kan kifi biyu, in da sabo. Sabulun wanki."

Sai da aka yi kusan minti guda ba a jin komai sai dariya. Wani ya ce shi kan kifi yake goyon baya. Na buɗe jakata, ga takardar ƙuri'ata nan a ninke, a inda ya kamata takardar cefane ta kasance. Tsayinsu ɗaya, ninkinsu ɗaya. Duk zauren ya ga na ciro ta.

Farfesa ya ce, "Alhamdu lillahi. Ga ta nan. 'Yata, miƙa masa."

Maigidana ya ce ba ta cikin ambulan, kuma ko a agogon bango uku ta wuce tuntuni. A wannan karon ban ji haushinsa ba ko kaɗan. Injiniya yana kallona, Alhaji yana kallona, kuma duk wanda na zaɓa, ɗayan zai san ni ce na kayar da shi, ni kaɗai, a gaban mutum sittin. Sai a lokacin na fahimci 'yar Gusau sosai. Na mayar da takardar cikin jaka na ja zif. Na ce, "Ranka ya daɗe, a bi doka."

Agogon bango ya nuna huɗu saura minti takwas. Hanya ɗaya ta rage, ɗaya daga cikin 'yan takara ya janye. Farfesa ya tsaya tsakaninsu ya shiga lallashi. Ya ce ko wanne ya karɓa, shi zai taimaka masa, aikin ba wani wuya gare shi ba. Ya ciro wata tsohuwar waya daga aljihu, ya ce wannan ce wayar ƙungiya, ita ce kawai nauyin. Sabon ɗalibi in ya sauka a filin jirgi, ita yake kira a je a ɗauko shi. Wanda takardar zamansa ta kusa ƙarewa, ita. Mata da miji in sun saɓa, ita. Wanda mai gida ya kora saboda warin daddawa, wanda ɗansa ya haɗiye kwabo, iyayen da ke gida da ɗansu ya kwana biyu bai kira ba, duk ita. Ya ce a shekara bakwai sau ɗaya ya ci abincin Sallah da zafinsa, amma lada ne, lada mai yawa. Yana cikin magana wayar ta fara ruri a hannunsa.

Na ga Injiniya ya kalli wayar, ya kalli Alhaji. Ya miƙe ya ce shi yaro ne, bai kamata ya ja da babban yaya ba, ya janye wa Alhaji. Alhaji ya miƙe kusan tare da shi, ya ce a'a, zamani na masu ilimi ne, shi ɗan kasuwa me ya sani, ya janye wa Injiniya.

"Alhaji, na riga ka."

"Ƙanena, ni tun a zuci na janye."

"Wallahi girmanka ne."

"Ai girman ne ya sa na bar maka."

Suka riƙe hannun juna, kowa na tura wa ɗan'uwansa, cikin ladabi da ban taɓa ganin irinsa ba. Farfesa ya juya wajen maigidana ya ce a rubuta wanda ya fara janyewa. Maigidana ya ce a kunnensa tare suka yi magana, in kuma duka sun janye, to babu ɗan takara. Suna cikin haka dogon hannun agogon bango ya hau kan sha biyu. Maigidana ya tashi, ya gyara riga, ya sanar da cewa bisa sashe na bakwai, Farfesa zai ci gaba da shugabanci na shekara guda. Aka yi tafi. Wasu har da kabbara.

Farfesa ya koma kujerarsa a hankali. Na zuba masa waina huɗu da miya na kai masa da kaina, na durƙusa na ce ya yi haƙuri. Ya ce, "Ba laifinki, 'yata." Ya ci biyu. Sannan ya tambayi maigidana ko dokar ta hana shugaba naɗa mataimaki na musamman. Maigidana ya duba ya ce ba ta ce komai ba a kan wannan.

Farfesa ya ce, "Madalla. Na naɗa ka." Ya kama hannunsa, ya sa masa wayar a ciki, ya rufe yatsunsa a kai. "Cajarta tana mota."

Ni da maigidana muka hau jirgin komawa gida. Rigarsa ta yi miya a gaba, ni kuma zanina bai bushe ba. Anti tana gefe tana barci da kula a cinya. Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Wa kika zaɓa?"

Na ce, "Asiri ne, Malam. Sashe na uku."

Ya yi murmushi duk da ba ya so. Kafin ya ce wani abu wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Wani ɗalibi ne daga Yola, ya sauka a filin jirgi da matarsa da akwati bakwai, ya ce an ba shi lambar nan an ce shugaba zai zo ya ɗauke su. Maigidana ya ce masa ya samu wuri ya zauna. Ya sauka a tasha ta gaba, ya tsallaka ɗaya gefen don ya hau mai komawa, ni kuma na wuce gida da kuloli biyu na ɗauko yara.